Ina Dutsen Da Mata Za Su Hau?

Yau mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu taɓa zancen hutu. Hutun da na ke nufi shi ne na mai sana'a wadda ta fara aiki, hidimar gida ta hana ta gamawa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, wata yayata ce a nan Ƙofa, 'yar wan babana. Allah ya hore mata tsara labari. In ta zauna da dare tana yi wa yara tatsuniya, har manya kan jawo tabarma su matso. Yau shekara 3 ke nan da ta aika aka sayo mata littafin rubutu mai warƙa 80 a kasuwar Kankiya, ta fara rubuta wani labari nata na kanta. Ran nan na je gaishe ta, na ce, "Yaya, ina labarinmu ya kwana?" Sai ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta ɗauko mini. Rabin littafin fari fat, warƙa biyu kuwa ɗan autanta ya yage ya yi wasa da su. Ta ce, "Haba Malama! Wadda ta tashi tun asuba ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta tuƙa tuwon mutum 12, ina ta ga hannun riƙe alƙalami? Da na kwanta in yi tunani sai barci ya sace ni."

Na koma gida ina ta juya maganar nan a raina. Sa'an nan na tuna da wata al'ada da aka ba mu labarinta sa'ad da na ke kwalejin horon malamai a Dutsinma.

A waɗansu ƙasashe akan gina gidaje a gindin duwatsu, nesa da hayaniyar gari, domin marubuta da masu zane da masu kiɗa. Mutum ya kan rubuta takarda ya nemi wuri, ya nuna irin aikin da ya ke yi. In an karɓe shi sai ya je ya zauna 'yan makonni, ba abin da a ke so gare shi sai ya huta, ya yi tunani, ya yi aikinsa. A ƙasar Kanada akwai irin wannan a garin Banff, cikin manyan duwatsun Roki masu ƙanƙara a kai. An fara shi a 1933 da ɗan kwas na wasan kwaikwayo, daga baya ya bunƙasa har masu fasaha suka riƙa zuwa daga ko'ina cikin duniya.

Amma wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Amurka, don kuwa mace ce ta tsaya a kansa. Sunanta Marian MacDowell. Mijinta mai tsara kiɗa ne, suna da gona a garin Peterborough, kusa da wani dutse da a ke kira Monadnock. Ta lura ba inda aikin mijin nan ya ke yin kyau kamar ɗan ɗakin da ke cikin itatuwan gonar. A 1907 suka buɗe wurin ga sauran masu fasaha. Mijin ya rasu a 1908, ita kuwa ta yi shekara da shekaru tana yawo gari gari tana kiɗa, tana tara kuɗin riƙe gidan. To, ku ji ƙa'idarsu. Kowa da ɗakinsa. Da rana akan kawo abinci a kwando a ajiye a bakin ƙofa, a juya ba ko sallama. Ba mai shiga ɗakin wani sai an gayyace shi.

Nan Nijeriya ma an yi. A 2010 Dakta Wale Okediran, likita kuma marubuci, ya buɗe gidan marubuta a Iseyin ta Jihar Oyo, garin masaƙa, aka sa masa sunan dutsen garin, watau Ebedi. Marubuta maza da mata sun zauna can sun ƙarasa littattafansu.

Kada wata ta ce wannan duk abin nesa ne. Ai ko mu nan ƙasar Katsina mun ci moriyarsa, ba mu sani ba. Alhaji Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina. Da Dakta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya ga irin hikimar da ya nuna cikin Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934, sai ya roƙa a ba shi aronsa. A 1936 aka ɗauke masa aikin aji, ya tafi Zariya ya yi wata 6. Aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da na Indiya da na Turai, yana karantawa, yana rubuta nasa, suna dubawa tare da East. Yana da shekara 25 a lokacin. Abin da ya fito daga zaman nan shi ne Magana Jari Ce, littafi 3, wanda kakanninmu suka karanta, mu ma muka karanta.

Ku lura fa, ba a kai shi kan dutsen Kufena ba. Abu uku aka yi masa: an ɗauke masa nauyin da ke kansa, an ba shi wurin da ba mai damunsa, an kuma ba shi wanda zai duba aikin ya gaya masa gaskiya. Da an bar shi da alli da rajista, yana gyaran aikin yara har dare, wa ya san ranar da littafin zai fito? Ashe amfanin dutse duka shi ne nisa, watau inda ba mai ƙwala maka kira.

To, ina mace a cikin wannan? An buga Ruwan Bagaja a 1934, amma sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda a ke lissafawa shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Shekara 46 ke nan tsakani. Ƙarancin makarantun mata na daga cikin dalilai, ba shakka. Amma ko wadda ta yi karatun, wa ya taɓa ɗauke mata tukunya? Alhali kuwa in an ba mace wuri, ba ta ba da kunya. Dubi Ladi Kwali, maginiyar tukwane. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta dā, wadda yanzu a ke kira Suleja, ita ce mace ta fari a wurin. Ayyukanta sun kai har Ingila da Amurka, ga hotonta nan bisa takardar naira 20.

Na san abin da za ku ce. Wace ce za ta bar miji da 'ya'ya ta tafi Iseyin? Ko duwatsun da ke kusa da mu ma, a shekarun nan da hanyoyin daji suka ƙi lafiya, ba mai hankalin da zai tura 'yarsa ta kwana can. Gaskiya ne. Amma ai mu Hausawa mun riga kowa sanin yadda a ke hutar da mace. In ta haihu, kwana 40 ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa. Uwa ko gwaggo ta zo ta karɓi murhu, a dama mata kunun kanwa a kai mata har ɗaki. Mun kuma san adashi, mun san gayya. Abin da ya rage sai mu haɗa su.

Ga shawarata. Mata 6 maƙwabtan juna su yi adashin lokaci, da yardar mazansu. Kowace ta ɗauki rana guda, daga Asabar zuwa Alhamis. Ranar da ta faɗo kanki, daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 1 ke ba ki da aikin gida. Ɗaya ta kwashe yaranki, ɗaya ta ƙara hannu a tukunyarta ta aiko wa gidanki. Ki shiga wani ɗaki da ba kowa, ko da na wata tsohuwa ne a maƙwabta, ki kashe waya. Ba mai kiranki sai in ciwo ne. In rubutu ki ke yi, ki rubuta. In zanen hula ne ko saƙar faifai ko sabon fasalin ɗinki, ki yi. In kuwa gajiya ta yi yawa, ki fara da barci, ba laifi, gama kan da bai huta ba ba ya haifar da kome. Ƙarshen wata ku taru, kowace ta nuna abin da ta yi, a yaba, a kuma gyara.

Ku yi lissafi. Awa 4 a mako, cikin mako 50 ya zama awa 200. Wadda ta rubuta shafi 2 kurum kowane zama, ta sami shafi 100 a shekara. Da kaɗan kaɗan matankaɗi kan shiga gora.

Mu dai mun fara, mu 4. Ba a rasa tsegumi ba. Wata dattijuwa ta tare ni ta ce, "Ke 'yar nan, rubutu tuwo ne?" Na durƙusa na ce, "A'a, Inna, amma tuwon ma bai fasa dahuwa ba." Mako na biyu kuma ɗaya ta manta da ranarta ta kwasar yara, sai da muka yi 'yar rigima muka shirya. Duk da haka, mako 7 ke nan, yayata ta ƙara shafi 15. Ranar da ta karanta mana, wadda ta yi tsegumin ma tana bakin ƙofa, ta ce a maimaita mata wurin da kishiya ta ɓoye maɓalli.

Ina roƙon maza masu leƙa wannan fili, ku yi wa matanku irin abin da aka yi wa Malam Abubakar Imam, ko da na rabin yini ne. Ku kuma 'yan'uwa, wadda ta gwada a garinsu ta rubuto ta gaya mana yadda ta kaya. Allah ya ba mu sa'a, amin. Haza wassalam.

Daga wata malama, Ƙofa.