Ƙyanƙyasar Ƙwan Kifin Tirawut a Ajin Makaranta: Matsalar Zafi da Ruwa a Lusail

Gabatarwa

A Amurka, ƙungiyar Trout Unlimited tana tallafa wa makarantu su ƙyanƙyashe ƙwan kifin tirawut a cikin tankin gilashi a aji, ɗalibai su raini 'ya'yan, sannan su sake su a rafi da bazara. Wannan maƙala ta duba abin da aikin zai buƙata a Lusail, sabon birnin da ke arewa da Doha, inda zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas daga Yuni zuwa Agusta.

Sanyi da Iska

Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Nau'in da aka fi kiwo, Oncorhynchus mykiss, ƙwansa kan ɗauki kimanin wata guda kafin ya ƙyanƙyashe a digiri 10. Wanda ya saba da tarwaɗa, wadda ƙwanta ke fashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a ruwa mai ɗumi, zai ga ratar da ke tsakani. Dalilin neman sanyin kuwa yana da alaƙa da numfashi: lita ɗaya ta ruwa a digiri 10 tana riƙe miligiram 11 na oksijin, amma a digiri 30 ba ta kai 8 ba.

Saboda haka ake haɗa tanki mai cin lita 200 da na'urar sanyaya ruwa, a tsayar da shi tsakanin digiri 10 zuwa 13, a kuma lulluɓe shi da allunan kumfa. Lulluɓin yana hana zafi shiga, yana tare hasken da ke cutar da ƙwai, yana rage zufar da gilashi ke yi a gari mai laima irin wannan na bakin teku. Gine-ginen Lusail suna samun sanyi daga cibiyoyin kamfanin Marafeq ta bututun ƙarƙashin ƙasa, amma sanyin ɗaki bai isa ba. Na'urar tankin tana zubar da zafin da ta janye a cikin ajin ne. Idan aka kashe sanyin ɗakin ranakun Juma'a da Asabar, tana iya gazawa babu mai gani, a tarar da gawawwaki ranar Lahadi.

Ruwan da Ake Zubawa

Nan ne aka fi yin sakaci. Ruwan famfon Qatar daga teku ake tace shi, a cire gishiri, a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, wanda dole a kawar kafin ƙwai su shiga. Kashin kifi yana haifar da amoniya, bakteriya su mayar da ita naitirait, sannan naitiret. Biyun farko guba ne. Waɗannan bakteriya ba sa saurin yaɗuwa a cikin sanyi, don haka ake kunna tankin makonni kafin zuwan ƙwai. Aikin nasu kuma yana cinye sinadarin kabonet, ruwan ya yi tsami, shi ya sa gwajin ruwa akai-akai ya zama wajibi. Duk ƙwan da ya koma fari ya mutu. A tsame shi nan take, kafin funfuna ta kama na kusa da shi.

Ina Za a Kai Su?

Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan kifin kan rayu a kan gwaiduwar da ke manne da cikinsu na makonni biyu zuwa uku, sannan su taso neman abinci, suna girma har tankin ya yi musu kaɗan. Qatar ba ta da kogi ko ɗaya, ruwan Tekun Fasha kuma ya yi musu zafi da gishiri. Malamin da bai tanadi inda zai kai su ba, gara ya kai ɗalibansa cibiyar binciken halittun ruwa ta Ras Matbakh, inda ake ƙyanƙyasar kifayen yankin irin su hamur.