Gargaɗi ga masu motocin kwana a Amurka da Kanada: makullinku yana hannun dubban mutane

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Kanada, da duk wanda ya saya, ko yake shirin saye ko haya, irin motocin nan da tireloli masu ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda mutanen can ke kira RV. Ku ɗauko tarin makullan da aka miƙa muku ranar da kuka karɓi motar. Ku nemo ƙaramin cikinsu, mai ruwan azurfa, wanda ke buɗe ƙofofin ma'ajiyar kaya da ke jikin motar ta waje. In kun ga an buga CH751 a kansa, to ku sani ma'ajiyar nan tamkar a buɗe take. Maƙwabcinku a sansanin shaƙatawa yana da irinsa. Wanda ya sayar da tasa motar shekara goma da suka wuce wataƙila har yau nasa na rataye a gida. Wanda bai taɓa mallakar mota ba ma zai iya sayensa a intanet ko a kantin kayan gini da 'yan daloli kaɗan, babu mai tambayarsa me zai yi da shi.

Ba kuskure aka yi a masana'anta ba, da gangan aka tsara abin haka. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗannan motoci a jihar Indiyana ake haɗa su, musamman a garin Elkhart da kewayensa. Sunayen da ke jikin motocin suna da yawa, amma iyayen gidan kaɗan ne: Thor Industries shi ke da Jayco da Keystone da Airstream, Forest River na ƙarƙashin Berkshire Hathaway tun 2005, Winnebago kuma shi ya sayi Grand Design. Ba su ke ƙera ƙofofi da makullai da kansu ba, daga wurin 'yan tsirarun kamfanoni suke sarowa, kuma sari mafi arha shi ne wanda duk makullan cikinsa mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Dillali ma hakan ya fi masa sauƙi. Mai filin da aka jera motoci ɗari biyu na sayarwa ba ya son yaron shagonsa ya riƙa yawo da mabuɗi ɗari biyu. Ɗaya ya ishe shi ya buɗe wa mai saye ya leƙa, ya ishi makanike, ya ishi direban da ya kawo motar daga masana'anta. Kowa a harkar ya huta, sai mai saye da ya biya dubban daloli, shi ne kaɗai ba a gaya wa ba. Wannan shirun shi ya fi ɓata mini rai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ku dubi yawan abin. A 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antun sun fitar da sababbin motoci sama da 600,000 a shekara guda, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Ƙungiyar masu ƙera su ta ce a wannan shekarar gidaje fiye da miliyan 11 ne a Amurka ke da irin wannan mota. Da yawa daga cikinsu sababbin shiga ne, ba su taɓa jin labarin CH751 ba. Shi kuwa mabuɗin bai tsaya a motocin kwana ba, ana samunsa a durowar ofis, akwatin kayan aiki, ƙananan akwatunan lantarki da kabad ɗin kanti. A 2016, a wani taron masana tsaro a New York, wasu masana biyu, Deviant Ollam da Howard Payne, sun yi jawabi a bainar jama'a kan mabuɗan da ke buɗe dubban ƙofofi, kuma CH751 na cikin waɗanda suka nuna. Ɓarayi sun daɗe da sani. Masu kaya ne aka bari a duhu.

Shi kansa makullin ba wani abin kirki ba ne. A cikinsa akwai 'yan siraran faifan ƙarfe, a bayansa kuma wani ɗan harshe da ke juyawa ya kama bakin ƙofa. Idan ya tsufa, faifan suka suɗe, ko mabuɗin da ba nasa ba yakan juya shi in an ɗan jijjiga.

Kada wani ya ce ai tarkace ne kawai a ma'ajiyar. Ku tuna abin da kuke zubawa a ciki: janareta, kayan aikin makanike, doguwar wayar lantarki mai kauri da jan ƙarfe a cikinta, na'urar kare motar daga hauhawar wuta, kujeru, murhu, kayan kamun kifi. A motoci da yawa nan batir yake, kuma batirin lithiyum guda ɗaya ya kai ɗaruruwan daloli. A wasu, nan ne maɓallin yanke wutar motar gaba ɗaya da bututun ruwan sha suke. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, a tireloli da dama babbar ma'ajiyar gaba tana ƙarƙashin gadon kwana ne, katako ɗaya da katifa ne kawai suka raba ta da ɗakin. Mutum marar jiki zai iya shiga ta nan, ya ture katakon, ya fito cikin ɗaki, ƙofar shiga tana nan a kulle yadda kuka bar ta. Mai tafiya da iyali, musamman wanda ke barin mata da yara a sansani ya shiga gari, ya ɗaga katifarsa yau ya duba. In akwai hanya, ya sa sakata ta ciki.

Satar da aka yi da mabuɗi tana da wata cuta ta daban: ba ta barin alama. Babu karyayyen ƙarfe, babu fasasshen gilashi. Ɓarawon da ya san aikinsa yakan mayar da ƙofar ya kulle. Yawancin masu motocin nan kuwa ajiye su suke yi wata da watanni a filayen ajiya na haya, musamman lokacin sanyi, sai bazara ta dawo su zo su tarar babu janareta. Yaushe aka ɗauka? Babu wanda zai iya faɗa, hotunan kyamarar filin ma an daɗe da goge su. Sannan wasu kamfanonin inshora sukan nemi shaidar cewa fasa wurin aka yi kafin su biya. Ku karanta takardar inshorarku yanzu, ku kira su ku tambaya ƙarara, kada ku jira sai an yi muku ɓarna.

Sai ƙofar shiga. A yawancin tireloli za ku ga ramin mabuɗi biyu a hannun ƙofar: ɗaya na kulle hannun da ake ja, ɗaya na sakata. Kamfanoni irin su Global Link, Fastec, TriMark da Bauer ne ke ƙera su. Na hannun ja shi ne abin tsoro, domin galibi an yi shi ne yadda babban mabuɗin dillalai zai buɗe shi, kuma a wasu za ku ga an buga harafin M a fuskarsa. Wannan babban mabuɗi ya daɗe da fita daga hannun dillalai. Sakatar, a mafi yawan lokuta, ba ta amsa shi. Don haka wanda ya murɗa na hannun ja kawai ya tafi, bai kulle komai ba. Ku riƙa sa sakata duk lokacin da za ku fita, ko da wanka za ku je ku dawo, da kuma lokacin kwanciya. Amma ita ma kada ku miƙe ƙafa a kanta, domin lambobin mabuɗan ƙofa ƙididdigaggu ne, maimaita su ake yi. A babban taro irin na Quartzsite a jihar Arizona, inda dubban motoci ke haɗuwa cikin hamada duk lokacin sanyi, ba abin mamaki ba ne a samu masu mabuɗi iri ɗaya da naku.

Akwai kuma lambar da ake bugawa a jikin mabuɗi, wani lokaci har a fuskar makullin ta waje. Da wannan lamba kaɗai ake odar sabon mabuɗi a intanet a kawo wa mutum har gida. Ku rubuta taku ku adana, sannan ku rufe ko ku kankare wadda ke waje. Ku daina ɗaga makullai a gaban kyamara ranar murnar sayen mota kuna sakawa a Facebook da Instagram. A 2014 jaridar Washington Post ta buga hoton manyan mabuɗan da jami'an tsaron filayen jirgin saman Amurka ke buɗe akwatunan matafiya da su. Shekara ta gaba, daga hoto kawai, mutane suka kwaikwaye su suka baza tsarin a intanet.

Maganin ba shi da tsada, kuma ba sai an kai wa makanike ba. Makullin ma'ajiya noti ɗaya ke riƙe da shi ta ciki, harshensa kuma ƙusa mai murɗi ɗaya. Ku cire ɗaya, ku auna tsawonsa, domin suna zuwa da tsayi daban-daban gwargwadon kaurin ƙofa, ku tafi da shi wurin mai sana'ar makullai. Ku ce kuna son duk ƙofofinku su amsa mabuɗi ɗaya wanda naku ne ku kaɗai. A nan mutane da yawa ke sake faɗawa rami: su sayi ƙunshin makullai masu arha a intanet, irin masu zagayayyen mabuɗi, ba su san cewa su ma duk wanda ya sayi irin ƙunshin mabuɗinsu ɗaya ba. Ku tambayi mai sayarwa kafin ku biya, in bai ba da amsa mai gamsarwa ba ku bar shi. Ƙofar shiga kuma ko dai a canza mata cikin makullin, ko a sa sabo gaba ɗaya. Masu son irin na danna lambobi, ku sani yana zuwa da lambar masana'anta mai sauƙin zato, ku canza ta nan take, ku kuma binciki ɗan mabuɗin ko-ta-kwana da ke zuwa tare da shi, kada ya zama shi ma na kowa ne. Sababbin motoci masu ƙofar ma'ajiya da ke kamawa da kanta in an buga ta, su ma a duba lambar mabuɗinsu, sabunta ba ta nufin tsaro.

Wurare biyu ne ban yarda a ƙara musu makulli ba. Na farko ma'ajiyar tukunyar gas. Da niyya aka bar ta ba makulli, domin in gas ya fara yoyo ko wuta ta tashi, kowa, har ɗan kwana-kwana, ya iya kai hannu ya rufe. In kuna tsoron a sace tukunyar, ku ɗaure ita kanta, ku bar bakin murfinta a sake. Na biyu tagar tsira ta ɗakin kwana. Waɗannan motoci katako ne da soso da roba, wuta ba ta jira a cikinsu. Duk abin da za ku ƙara a ƙofa ko taga, ku tabbatar yaro ɗan shekara bakwai zai iya buɗe shi daga ciki, cikin duhu, ba tare da neman mabuɗi ba.

Ba zan ce muku sabon makulli zai mayar da motar banki ba. Ƙofofin sirara ne, wanda ya zo da ƙarfen ɓamɓara zai ɓalle su. Amma shi wannan dole ya yi ƙara, ya ɗauki lokaci, ya bar alama, kuma yawancin masu ɗauke-ɗauke a sansani da filin ajiya ba sa son ko ɗaya daga ciki. Fasfo, katin izinin zama, kuɗi, kwamfuta da gwal ba wurinsu ba ne ma'ajiyar waje, ko da wane makulli ne a jikinta. Ku ɗauki hoton janareta da batir tare da lambobinsu, domin 'yan sanda ba sa iya komai da rahoton da ba shi da lamba. Masu tirela ku sa kwaɗo mai ƙarfi a bakin da ake maƙala ta a mota, tunda akan ja tirelar sukutum a tafi da ita, kuma ku tabbatar shi ma kwaɗon ba irin mai mabuɗin gama-gari ba ne. In za ku ajiye motar na watanni, ku cire batir da janareta ku kai gida, ku kuma riƙa leƙa ta lokaci-lokaci.

Wanda ya sayi ta hannu, bai san mabuɗi nawa ke yawo a wurin tsofaffin masu ita ba, don haka ya canza komai kafin ya kwana a ciki. Mai shirin sayen sabuwa kuma ya sa canjin makullai cikin ciniki tun kafin ya sa hannu, a rubuce, domin a lokacin ne kaɗai dillali ke sauraro da kunnen basira. Masu haya, kamar iyalan da kan ɗauki mota na mako guda su nufi Yellowstone ko Grand Canyon lokacin hutun makaranta, ba ku da ikon canza komai, kuma mutane da yawa sun riƙe mabuɗan nan kafin ku. Ku ɗauka ma'ajiyar waje ba ta kulluwa, ku sa sakata, ku riƙe takardunku a jikinku, kuma kafin ku bar wurin mai motar ku sa shi ya nuna muku wane rami ne na sakata da yadda ake buɗe tagar tsira.