Gizo a Dandalin Jami'a

Akwai masu ganin cewa idan ɗaliban jami'a, waɗanda iyayensu suka tura su neman ilmi mai zurfi, suka taru suna kwaikwayon Gizo da Ƙoƙi a gaban jama'a, to, sun bar abin da ya kai su, sun koma ga hululu da lagawu. Amma wanda ya zauna ya kalli irin wannan wasa da idon basira, ya kuma lura da yaran da aka kawo kallo, zai gane cewa aiki ne mai bukatar nazari da fasaha.

Ita tatsuniya tun asalinta abar aiwatarwa ce da baki da jiki, domin tsohuwar da ke yi wa jikokinta ita bayan sallar lisha takan sauya murya ga kowane tauraro, ta rera waƙa yara su amsa. Sa'ad da Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, daga baya kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wasu domin makarantu, lalle an tsare su daga salwanta, sai dai takarda ba ta ɗaukar murya ko amshi. Abin da takarda ta zubar, shi dandali yake mayarwa.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, an soma koyar da wasan kwaikwayo a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, aka kuma gina wa ɗalibai dandali na ginin ƙasa wanda wani maginin Amurka, Steven Ehrlich, ya zana bisa fasalin gidan Bahaushe, watau ɗakuna a kewaye da fili a tsakiya. Hikimar wannan gini ita ce mai kallo ba ya nesa da mai wasa, kuma haka tatsuniya take so. 

Wahalar mayar da tatsuniya wasa kuwa ba ƙarama ba ce. Tatsuniya gajeriya ce, saboda haka tilas mai tsara wasa ya harhaɗa biyu ko uku, ya ɗinke su da waƙa da kiɗa har su zama labari guda. Sa'an nan abin da baki ɗaya yake faɗa sai an raba shi ga mutane da yawa, kowa ya nemi kamannin dabbarsa ta hanyar tafiya da furuci: Zaki da ƙasaitarsa, Kura da zarinta da tsoronta, Dila da malantarsa, Gizo kuma da tsamin bakinsa da makircinsa. Mafi wuya duka shi ne isar da darasi ba tare da an tsaya wa'azi ba, domin yaro, wanda bai san kara ba balle tafin ladabi, da zarar ya ji an koma nasiha sai ya soma hamma, alhali kuwa idan ya ga haɗamar Gizo ta jefa shi cikin kunya, ya ɗauki ibra ba tare da an ce masa ɗauka ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu da su ware wa tatsuniya lokaci a kowace shekarar karatu, su kuma gayyaci makarantun firamare da na Islamiyya da ke maƙwabtaka da su. Iyaye kuma, in an yi gayyar, su kai 'ya'yansu.