Raga, Rana da Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa sa rigar kamfen, ko ya karɓi jakar rabon biki mai ɗauke da sunan ango da amarya, ya riƙe aikin masu bugun raga ko da bai san su ba. A Kano ana samun su a ƙananan shaguna wajen Fagge da Sabon Gari, hannu duk fenti, ga kwamfuta can a lungu an lulluɓe ta da tsumma saboda ƙura.

A da, da reza ake yanka haruffa ɗaya bayan ɗaya, mutum ya wuni a sunkuye kan suna guda. Yanzu wannan wahala ta koma kan CorelDraw, manhajar da wani kamfanin Kanada ya fitar a 1989, wadda har gobe ita ce abokiyar aikin masu ɗab'i a Najeriya. A cikinta ake tsara zane, a raba shi launi-launi, domin kowane launi da ragarsa. Riga mai launi uku, raga uku ke nan, bugu uku. Sai a fitar da kowanne baƙi wuluk a kan takarda mai shara-shara. Wanda bai da ita yakan shafa wa farar takarda mai, haske ya riƙa ratsa ta.

Daga nan kwamfuta ta gama nata. A ɗaki mai duhu ake shafa wa ragar wani magani da haske ke sa shi ya taurare, in ya bushe a ɗora takardar, a danne da gilashi, a fita rana. Inda baƙin zane ya kare, maganin ba ya kamawa; ana watsa ruwa sai ya zube, zanen ya fito tar. Na tsaya kusa da wani maigidan shago yana wannan aiki. Ba agogo a hannunsa, sama kawai yake kallo yana ƙirga a zuci. Da damina gajimare kan ɓata masa lissafi, da hunturu kuma fenti ke bushewa a idon raga tun bai kai riga ta ashirin ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ragar ke koya wa mai kwamfuta hankali. Yaron shagon ya tsara wani rubutu siriri kamar zare, a allo gwanin kyau. Maigidan ya leƙa ya ce, "Kai yaro, ƙara masa kauri, ruwa zai cinye wannan." Yaron ya ce, "To, Oga." Wanda bai taɓa jan robar fenti a kan raga ba, ba zai san haka ba. Ga kuma matsalar ƙ da ɗ da ɓ: yawancin salon haruffa masu kyau ba su da lanƙwasar, sai mai tsarawa ya zana ta da kansa, in ya damu. Da yawa ba sa damuwa, shi ya sa ake ganin "kasa" inda ake nufin "ƙasa", abin yana yi mini ciwo.

Injinan da ke manna hoto da zafi sun karɓe ƙananan ayyuka. Amma in makaranta ta kawo riguna ɗari biyar masu launi ɗaya, raga ce ke da araha, kuma bugunta ya fi jure wanki.