Banki da Benci, Ɗan'uwa da Ɗan'uwa

Malaman lugga na Larabci suna da wani babi da suke kira mushtaraki, watau lafazi guda mai ɗauke da ma'anoni barkatai, kuma misalin da suka fi kawo wa almajirai shi ne ainu, wadda take nufin idon gani, ta nufi marmaron ruwa, har ta kai ga ɗan leƙen asiri. To, Ingilishi ma yana da irin waɗannan kalmomi birjik, amma babu wadda ta fi ba ni sha'awa a cikinsu kamar bank, domin kuwa ita da 'yar'uwarta benci sun daɗe a bakinmu ba tare da mun farga da zumuncin da ke tsakaninsu ba.

Ma'anarta ta farko ba ta da alaƙa da kuɗi ko anini. Wajen shekara ta 1200 aka fara ganinta a rubuce, tana nufin tudun ƙasa ko gaɓar kogi, kuma masana sun danganta ta ga harshen mutanen arewacin Turai da suka ƙetaro teku suka zauna a Ingila. Daga nan ne aka kira tudun yashin cikin teku da wannan suna, aka kira hadarin da ya yi gangami da shi, kuma ita ce masu fassarar labaru suke mayarwa gaɓa idan suka ce Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Mai karatu zai iya jin kamar tana kama da bakin kogi namu, sai dai kamannin lafazi ba hujja ba ne a ilmin ishtiƙaƙi, katari ne kawai.

Ita kuwa ma'anar kuɗi ta wata ƙofa dabam ta shigo, bayan kusan ƙarni uku, daga Italiya ta ratso Faransa. A biranen fatauci irin su Fulorans da Banis, inda kowane gari yake buga tsabar zinariyarsa da azurfarsa, sai mai canji ya kafa wani dogon katako a kasuwa, ya ɗora mizani da littafin lissafi, falke ya zo ya zube abin da ya zo da shi, a auna, a duba ko da algus, sa'an nan a musanya masa. Wannan katakon shi suke kira banca, kalmar da su ma suka gada daga ƙabilun Jamusawa. Sannu a hankali, da amana ta ƙullu har mutane suka fara barin dukiyarsu ajiya suna karɓar takarda, sunan katako ya koma sunan sana'a, sa'an nan ya koma sunan gida. Iyalan Medici sun kafa nasu a 1397, na birnin Siena da aka buɗe a 1472 yana nan yana aiki har yau, Bankin Ingila ya zo a 1694, kuma a 1894 aka kafa Bank of British West Africa a Legas. Tushen da ya haifi tudu shi ya haifi katakon, shi kuma ya ba Turawan Ingila kalmar da muka mayar benci, saboda dukansu abu ne mai ɗan tudu da shimfiɗaɗɗen kai. Girkawa ma har gobe da sunan tebur suke kiran banki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Italiyawa suke cewa banca rotta, watau karyayyen benci, idan attajiri ya kasa biyan bashi, inda Ingilishi ya samo bankrupt. An ruwaito cewa a kan farfasa katakon mai canjin a bainar jama'a, ko da yake ni na fi karkata ga cewa majazi ne, gama mu ma, da ba mu taɓa fasa wa kowa benci ba, muna cewa wane ya karye, ko karayar arziki ta same shi, kuma duk wanda ya ga ɗan kasuwa a wannan hali ya san dalilin da ya sa harsuna biyu suka zaɓi fi'ili ɗaya.

A zamanin nan ma'anar ajiya ta rinjayi sauran, har wani likita a Chicago, Bernard Fantus, ya raɗa wa ma'ajiyar jini sunan banki a 1937, bisa ƙiyasin cewa wani ya ajiye, mabukaci ya ɗiba. Amma wanda yake son ganin asalin kalmar da idonsa, to ya leƙa Wapa a Kano da hantsi, zai tarar da ɗan canji zaune a kan benci, daurin kuɗi a aljihun riga, yana tsayar da farashin dala da riyal da baki, mai saye kuwa yana ƙirgawa a gefensa.