Zaman Baƙunci A Ƙasar Sin: Abin Da Ma'aikaci Ke Tararwa In Ya Sauka

A da, in Bahaushe ya ce abu yana Birnin Sin, to, nufinsa abin ya yi nisan da ba a tsammanin a kai gare shi. Malamai ma in za su kwaɗaita wa almajiri neman ilmi, da Sin suke buga misali, domin a ganinsu can ne bangon duniya. Yau kuwa ƙasar ta zama wurin da ma'aikacin gwamnati kan tafi kwas, ɗalibi ya tafi karatu, ɗan kasuwa ya tafi saro kaya, wani kuma ya karɓi aiki na shekara biyu ko uku ya zauna. Wanda ya je ziyarar mako guda yakan dawo da labarin dogayen gine-gine da jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Wanda ya zauna kuwa labarinsa dabam ne, gama shi ya san abin da ake nufi da neman abincin halal cikin sanyin Janairu, a garin da ba ya iya karanta ko allon kanti.

Zaman Hausawa na aiki a can ya girmi hulɗar jakadanci. Tun ran 1 ga Yuni, 1963, gidan rediyon Pekin, watau Beijin ta yanzu, ya fara watsa shirye-shirye da Hausa, aikin da ya bukaci 'yan asalin harshen su zauna tare da Sinawa suna gyara fassara suna karanta labarai. Sai ran 10 ga Fabrairu, 1971, Nijeriya da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci, Jamhuriyar Nijar ta biyo baya a 1974, shekarar da Janar Yakubu Gowon ya kai ziyara can. A wancan zamani an keɓe baƙin ma'aikata ne. Galibinsu a Otal ɗin Abota na Beijin ake saukar da su, wanda aka gina a 1954 domin ƙwararru 'yan Tarayyar Sobiyat. Suna da kantinsu na musamman, kuma daga 1980 zuwa 1994 har takardun kuɗi na dabam ake ba su. Wannan duk ya wuce. Baƙon yau gidan haya yake kamawa cikin unguwa, ya bi layi tare da kowa. Ƙidayar 2020 ta sami baƙi 845,697 a babban yankin ƙasar, cikin jama'a fiye da biliyan 1 da miliyan 400, watau tamkar gishiri a miya.

Takarda Kafin Komai

Darasi na farko shi ne hukumar Sin ba ta wasa da takarda. Mai zuwa aiki da bizar aiki yake shiga, kuma cikin kwana 30 da saukarsa wajibi ne ya mai da ita izinin zama, bayan likita ya duba lafiyarsa. Tun 2017 ake raba baƙin ma'aikata aji uku, gwargwadon ilminsu da ƙwarewarsu da albashinsu. Duk inda baƙo ya sauka sai an rubuta sunansa wurin 'yan sanda cikin awa 24. In otal ne, masu otal ke yi masa. In gidan haya ne ko gidan aboki, nauyin a wuyansa yake, kuma in ya sake gida sai ya sake rajista.

Dokar shige da fice da ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 2013, ta ɗora tarar yuwan 500 a kan kowace rana da mutum ya ƙara bayan ƙarewar izininsa, har zuwa yuwan 10,000, ko kuwa a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Ɗalibin da ya kama aikin koyar da Turanci a ɓoye domin ya cika aljihu, shi ma ya karya doka, ana iya cin sa tara a kore shi. Fataucin miyagun ƙwayoyi kuwa hukuncinsa yakan kai ga kisa, saboda haka karɓar saƙon da ba a san cikinsa ba a filin jirgi ganganci ne da rai.

Harshe Da Rubutu

An ce baƙo ko da ido makaho ne, amma a Sin har da kurumta. Da zarar mutum ya bar ofis da manyan otal-otal, Turanci ba ya kai shi ko'ina. Rubutun Sinanci ba baƙaƙe ne da ake haɗawa a tada kalma ba. Kowace alama da ma'anarta, kuma sai mutum ya san kamar 3,000 kafin ya karanta jarida a sake.

Sai dai Bahaushe yana da wata fa'ida da Bature ba shi da ita, domin Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa. Yadda ɗaga murya da sauke ta ke bambanta kukan yaro da itacen kuka, haka Sinanci ke da kari huɗu. Gaɓar "ma" ɗaya tana iya zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi. Gaɓar "mai" kuma da wani kari saye ce, da wani kari sayarwa. Wanda kunnensa ya saba da irin wannan tun yana goye, in ya dage wata shida, zai iya ciniki a kasuwa ya gaya wa direba inda za shi. Sinawa kuwa suna jin daɗin baƙon da ya yi ƙoƙari, ko da yana kwaɓawa.

Gaisuwa ma sai an koya. Mutumin da ya taso ana tambayarsa kwana da gajiya da iyali da aiki, zai ga kamar an raina shi ranar da maƙwabci ya gyaɗa masa kai kawai ya wuce. Ba raini ba ne. Tsofaffi ma gaisuwarsu ita ce su tambayi mutum ko ya ci abinci, ba don za su ba shi ba.

Abinci Da Sanyi

Ga Musulmi, babbar damuwa ita ce tukunya. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a Sin ake cinye shi, kuma ko abincin ganye ne ana iya soya shi da kitsensa ko a zuba masa giyar girki. Mafita tana wurin Musulmin ƙasar, waɗanda suka haura miliyan 20, daga ƙabilu goma, mafiya yawa su ne Hui da Uigur. Da wuya a sami babban gari da babu gidan abincinsu, musamman masu taliyar naman sa irin ta birnin Lanzu, wadda ake ja da hannu a gaban mai saye. Alamar halal kalma ce ta Sinanci mai alamu biyu, ana furta ta "cingjen". Ya kamata baƙo ya haddace siffarta tun daga gida, domin a 2019 an cire rubutun Larabci daga allunan irin waɗannan gidaje a Beijin.

Da tsinke biyu ake cin abinci, kuma mako biyu sun isa hannu ya saba. Abin kiyayewa shi ne kada a kafa su tsaye cikin shinkafa, gama haka ake kafa turaren wuta domin matattu. Ruwan zafi ake sha ko da rani, ba a kuma shan na famfo sai an tafasa. Kafin sha biyu an fara abincin rana, da ƙarfe shida an ci na dare. Mai jiran tuwon bayan lisha zai tarar an rufe ɗakin cin abinci na ma'aikata.

Sanyin arewacin Sin kuwa ba a kwatanta shi da hunturun Jos ko na Kano. A Beijin tafki kan daskare har yara su yi wasa a kansa, wani dare awon sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifiri. Hukuma ce ke tura ruwan zafi ta bututu domin ɗumama gidaje, daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris. Kudancin ƙasar ba ya cikin wannan tsari, saboda haka mazaunin Shanhai yakan fi na Beijin jin sanyi a cikin ɗaki.

Mutunci A Wurin Aiki

A ofis ne akasari ake samun saɓani, kuma tushensa abin da Sinawa ke kira "fuska", wanda ya yi kusa ƙwarai da mutunci da kunya a wurin Bahaushe. Ba a gyara wa shugaba kuskure a gaban jama'a, ba a ɗaga wa abokin aiki murya. Basine bai cika cewa "a'a" kai tsaye ba. In ya ce abin da ɗan wuya, ko za a duba, to, ya ƙi ke nan. Baƙon da ya ci gaba da matsawa yana neman amsa ƙarara, shi ake ɗauka marar tarbiyya. Wanda ya san kara da kawaici a gida ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Inda zai sha wuya shi ne lokaci. Taron ƙarfe tara, kafin tara kowa ya zauna. Bayan abincin rana ma'aikata da yawa kan kifa kai a tebur su yi ɗan barci, amma in aiki ya taso ana iya kaiwa dare, shugaba kuma ba ya jin nauyin aiko da saƙo ran hutu. Sunan dangi ke zuwa farko, da shi ake kiran mutum tare da muƙaminsa, kuma da hannu biyu ake miƙa kati ko kyauta. Ba a ba da kyautar agogon bango, domin furucin ya yi kama da rakiyar gawa. Ana gudun lamba 4 saboda ta yi kama da kalmar mutuwa, ana son 8 saboda arziki, shi ya sa aka buɗe wasannin Olimfik na Beijin ran 8 ga watan 8, 2008, da ƙarfe 8 na dare.

Yawancin zumuncin aiki a liyafa ake ƙulla shi, inda ake zagayawa da wata farar giya mai ƙarfi. Wanda ya bayyana tun farko, cikin ladabi, cewa addininsa ya hana, za a karɓa, ya ɗaga kofin shayi a madadinta, domin al'adarsu ta san da haka. Wanda ya kurɓa sau ɗaya don kunya, ya rasa hujja a liyafa ta gaba.

Ibada, Kallo Da Wariya

Musulunci ya daɗe a Sin. Masallacin Niujie na Beijin an kafa shi a 996. A Guwanzu, wadda Turawa suka sani da Kanton, akwai masallacin Huaisheng, da wani kabari da mutanen wurin ke jingina wa Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda baƙi 'yan Afirka da Larabawa ke cika ran Juma'a. Amma Juma'a ranar aiki ce, Salla ma haka a yawancin larduna, sai mutum ya nemi izini tun da wuri. In azumi ya faɗo a Yuni, mazaunin Beijin kan kai kusan awa 17 bai sha ruwa ba. Doka ta yarda baƙo ya yi ibadarsa a wuraren da aka amince da su, amma ta hana shi wa'azin jawo 'yan ƙasa cikin addininsa.

Baƙar fata kuwa sai ya haƙura da kallo. A ƙananan garuruwa akan bi shi da ido, a ɗauki hotonsa, yaro ya taɓa hannunsa ya duba yatsa. Mafi yawan wannan rashin sabo ne, amma akwai wariya ta gaskiya. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Guwanzu, wasu suka kwana a titi. Jakadun Afirka suka kai kuka, Ministan Harkokin Waje na Nijeriya na lokacin, Mista Geoffrey Onyeama, ya kira jakadan Sin a Abuja domin neman bayani. Abin da aka koya shi ne amfanin sanar da ofishin jakadanci zuwan mutum, da shiga ƙungiyar 'yan ƙasarsa tun kafin wata matsala ta taso.

Kewar Gida

Sin tana gaban Nijeriya da Nijar da awa 7, saboda haka lokacin da iyali suka gama cin tuwon dare suna son hira, shi maigida ya yi nisa da barci. An toshe Facebook da WhatsApp da Google a ƙasar. Da WeChat ake aika saƙo, da ita ko Alipay ake biyan kuɗin kusan kome, har mai sayar da gasasshen dankali a bakin titi. Mai hikima tun kafin ya tashi yake sa wa iyalinsa WeChat a waya.

Kaɗaici ya fi tsanani a Bikin Bazara, watau sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Miliyoyin mutane kan koma garuruwansu, kantuna su rufe, babban birni ya yi tsit. A nan ne ake gane wanda ya yi zaman kirki da mutane, domin shi abokin aiki kan gayyata gida, a zauna da tsofaffi a ci abinci, a ba yara kuɗi cikin jan ambulan kamar goron Salla. Basine ba ya saurin buɗe wa baƙo ƙofar gidansa, amma in ya buɗe yakan riƙe amana shekara da shekaru.

Saboda haka ma'aikaci ko ɗalibin da sunansa ya fito cikin masu tafiya, guzurinsa bai tsaya ga kuka da daddawa da yaji ba, ko da yake waɗannan ma za su yi masa rana. Ya tafi da takardunsa cikakku, da rigar sanyi ta gaske, da 'yan kalmomin gaisuwa da ciniki, ya kuma riƙa tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Ya tuna kuma a unguwar da zai zauna, wataƙila shi ne ɗan ƙasarsa na farko da maƙwabtansa suka taɓa gani, kuma da halinsa za su auna duk wanda zai zo bayansa.