Idan Tayar Babur Ta Yi Faci a Hanyar Daji

Tun daga 2019 da iyalai suka fara tsallakowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, babur ne ƙafar yawancinmu. Shi ke kai mu kasuwa, shi ke kai mara lafiya asibiti, da shi kuma matasa masu kabu-kabu ke ciyar da gida. Amma hanyoyin da suka haɗa Garin Kaka, Cadakori da sauran ƙauyuka da bakin kwalta na rairayi ne, cike da ƙayar aduwa da bagaruwa. Faci ƙaramar matsala ce idan da kayan gyara. Idan babu, yana iya sa dare ya riski mutum da iyalinsa a daji. Shi ya sa muka ware wannan shafi a kansa.

Kafin a tashi

Ku duba tayoyi biyu, ku cire duk ƙaya ko ƙusa da ta maƙale tun ba ta kai ga tiyub ba. Ku tabbatar iska ta isa. Wasu kan rage iska sosai don babur ya daina nitsewa a rairayi, sai dai taya mai laushi da ta daki dutse ko rami, rim yakan tsinke tiyub wuri biyu, wani lokaci ma bakin tiyub ɗin ya yage. Lodi mai yawa ma haka yake yi wa tayar baya.

Ku ɗaure waɗannan a babur, kada su rabu da shi: famfon hannu, ƙarafan cire taya biyu, sufana daidai da notocin babur ɗinku, faci da gam, guntun samfefa, da tiyub na ajiya idan da hali. Ku riƙa duba gam, don yakan bushe da zafi bayan an buɗe shi. Ku ɗauki ruwan sha, waya mai caji da takardunku na shaida. Ku gaya wa wani a gida inda za ku da lokacin dawowa.

Lokacin da iska ta fita

Alamar farko ita ce bayan babur ya fara lilo, ko kan ya yi nauyi. Kada ku danne birki da ƙarfi, musamman na tayar da ta sace. Ku sassauta wuta a hankali, ku riƙe kan da kyau har ya tsaya. Fasinja ya sauka nan take. Ci gaba da tafiya a kan taya marar iska yana mai da ƙaramin huji ya zama asarar tiyub, taya da rim gaba ɗaya.

Yadda ake facin

Ku tura babur inuwa, inda ƙasa ke da tauri. Ku rufe makunnin mai kafin ku kwantar da shi, ku kuma yi hattara da salansa mai zafi. Sau da yawa ba sai an cire tayar daga jikin babur ba.

1. Ku kwance notin bakin tiyub, ku fitar da sauran iskar.
2. Ku ɗaga gefe ɗaya na tayar da ƙarafan, kaɗan-kaɗan, ku jawo tiyub waje.
3. Ku hura masa iska ku nemo hujin. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ku kusantar da shi ga kunci ko ku shafa miyau, kumfa zai nuna wurin.
4. Ku bi cikin tayar da yatsa a hankali har ku gano abin da ya huda ta. Wanda ya manta wannan zai sake faci kafin ya yi nisa.
5. Ku goge kewayen hujin da samfefa, ku shafa gam siriri, ku jira 'yan mintoci har ya daina sheƙi. Gaggawa a nan ce ke sa faci ya ɓare.
6. Ku manna facin, ku danne shi sosai daga tsakiya zuwa gefe.
7. Ku sa wa tiyub 'yar iska kafin ku mayar da shi, don kada ya naɗe ko ƙarfe ya cije shi. Ku kakkaɓe rairayi, ku rufe tayar, ku cika iska.

Idan tiyub ya tsage da tsawo ko bakinsa ya yage, faci ba zai riƙe ba, sai sabo. In babu, ana iya cusa busasshiyar ciyawa ko tsummoki a cikin tayar har ta yi tauri, direba shi kaɗai ya lallaɓa zuwa wurin mai faci mafi kusa. Wannan dabarar fita daga daji ce kawai, tana iya lalata tayar.

Rai ya fi babur

Idan kuna ɗauke da mai naƙuda ko yaro mara lafiya, kada su zauna jiran gyara. Ku kira gida ko shugaban unguwa, ko ku roƙi babur ko amalanken da ya fara wucewa ya ƙarasa da su. Idan rana ta yi ƙasa aiki bai ƙare ba, ku tura babur zuwa ƙauye mafi kusa, ku gabatar da kanku ga mai gari, ku kwana. Idan wurin bai kwanta muku a rai ba, ku bar babur ku tsira da kanku.

A wasu yankunan iyaka hukuma kan hana hawa babur ko ta ƙayyade lokacinsa, don haka ku tambaya kafin doguwar tafiya. Inda hali ya yi, ku tafi babur biyu tare, ku kuma fita da sassafe.

Muna roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabta, masu sana'ar faci a cikinmu kuma su nuna wa matasa aikin a gida tun buƙata ba ta taso ba. Allah Ya kiyaye hanya.